Littafin atisayen Turanci na 'yan gaokao ya kusa ja min abin kunya a gidan surukai

Da farko tauraro huɗu na yi niyyar ba shi a manhajar da na saya, don gaskiya rabin farko na littafin ya yi mana amfani. Ku da kuke zaune nan Guangzhou kuna da yara ko 'ya'yan dangin mata a makarantun Sinawa kun san irinsa, duk shagon littattafan bakin makaranta an jibge su, bango kala-kala, kowanne an rubuta masa "sabuwar gaokao" da manyan baƙaƙe, gaokao ɗin ita ce jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar Sin, ciki kuwa kusan abu ɗaya ne, guntayen rubutun Turanci da tambayoyi a ƙasa, sai wani siririn littafin amsoshi da aka cusa a baya.

Yaron da na saya wa ɗan yayan matata ne, yana ajin ƙarshe na babbar sakandare, gao san kenan, Yuni mai zuwa zai zauna jarrabawar in Allah ya kai mu. Lissafi da fiziks ba a magana, Turanci ne kawai ya tsaya masa a maƙoshi. Shi kuma uban tunda ya ji cewa a Najeriya da Turanci ake karatu shi ke nan ya ɗora min, duk Lahadin da yaron ya fito daga makarantar kwana sai in je mu zauna awa ɗaya ko biyu. Ni ba malami ba ne fa, kayan waya nake turawa Kano, amma dai na yi karatuna kuma abin da ke cikin takardar ba ya gagara ta.

Dalilin da ya sa na nemi littafin karatun fahimta kaɗai shi ne nan makin yake. Takardar da lardinmu na Guangdong yake amfani da ita tun 2021, ɓangaren karatu shi kaɗai maki 50 ne, rubutu huɗu A, B, C, D da tambaya 15, kowace maki 2.5, sai kuma wancan na ƙarshe da ake cire jimloli biyar daga cikin rubutu a ba ka bakwai ka zaɓi waɗanda suka dace da guraben, shi ma 2.5 kowanne. To ka ga yaro ya faɗi huɗu maki goma sun tafi, kuma a lardin da ɗalibai suka yi yawa kamar nan maki goma cikin 750 sai su raba ka da jami'ar da kake so. Na sauraro da magana daban suke yinsa a kwamfuta wajen watan Maris, wannan ba ruwana da shi, makaranta ke fama.

Abin da ya burge ni a farkon, kowane rubutu an sa masa adadin kalmominsa da mintin da ya kamata a gama shi, sannan a littafin amsa suna ɗauko jimla mafi tsawo su yanka ta gunduwa-gunduwa su nuna ina mai aikatawa yake ina aikin yake, wanda shi ne ainihin ciwon yaran nan, kalmomi sun haddace su dubu uku da wani abu amma jimla ta kai layi uku sai su ɓata a tsakiya. Yaron ya fara gane cewa amsar gaskiya ba ta cika maimaita kalmomin rubutun ba, sake musu kaya ake yi, wadda ta kwafo kalmomin tsaf ita ce tarkon. Rubutun A wanda galibi talla ce ko jadawalin ziyara ya daina ɓata masa lokaci, tambaya yake fara dubawa ya je ya tsinko. Har na fara gaya wa wani ɗan Maraɗi da ke unguwar Xiaobei ya saya wa 'yarsa.

Sai ranar da abin ya faru. Gidan yayan matata muke, surukata tana nan, ana haɗa abinci, ni da yaron muna gefen teburi muna wani rubutun D, irin wanda suke ɗaukowa daga mujallun waje su gyara. Magana ce a kan wata dabarar noma a saman rufin gidajen birni, daga farko har ƙarshe marubucin yabo yake, iska za ta gyaru, zafi zai ragu, kayan miya za su zo kusa da mai ci. Tambayar ƙarshe ta ce mene ne ra'ayin marubucin game da wannan dabara, goyon baya ne, ko shakku, ko ko-in-kula, ko adawa. Yaro ya zaɓi goyon baya. Na karanta sau biyu na ce daidai ne, ci gaba. Ya buɗe littafin amsa sai ya yi shiru, can ya ce, "Gufu, sun ce shakku ne." Gufu shi ne mijin gwaggo a yarensu.

Na ce kawo. Na sake bin rubutun layi-layi da yatsa, babu inda mutumin ya yi ko da tari, balle shakku. Na ce masa littafin ne ya yi kuskure. To kun dai san yaran nan da littafin amsa, shekara goma sha biyu ana gaya musu abin da ke bayan littafi shi ne gaskiya, sai ya dube ni da ladabi ya ce wataƙila akwai wata boyayyar ma'ana da ba mu gani ba, ya fara ƙoƙarin lallashin kansa cewa wai tunda marubucin ya yi amfani da wata kalma mai nufin "mai yiwuwa" a sakin layi na biyu to shakkun kenan. Wallahi wannan ya fi ɓata min rai fiye da kuskuren kansa, yaro ya karanta daidai ya fahimta daidai, yanzu yana koya wa kansa ƙin yarda da idonsa.

Uban yana jin mu. Bai iya Turanci ba ko kaɗan amma ya gane ana gardama tsakanina da littafi, sai ya yi 'yar dariya ya ce da matata da yarensu, a zatonsa ban kama ba, wai ƙila Turancin can Afirka daban yake da na jarrabawa, kada dai a rikita yaro. Surukata ta daina yankan da take yi ta juyo. Ni kuma ga kunyar surukai, ba dama ka ɗaga murya a gidan mutane, na ce "Dage," wato babban yaya, "Turanci ɗaya ne," na yi shiru, amma cikina tafasa yake don na san daga ranar in ba a warware ba to zaman Lahadi ya ƙare, kuma za a ci gaba da kallona a matsayin wanda ya zo yana koyar da abin da bai sani ba.

Matata ce ta cece ni ba tare da ta yi niyya ba. Littafin amsar yana da fassarar kowane rubutu da Sinanci, sai ta ɗauka ta ce bari ta karanta ta ji wai me ake ta magana a kai. Tana karantawa da ƙarfi ni ina bin na Turancin, sakin layi na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, nawa ya ƙare, ita kuwa sai ta ci gaba. Sakin layi guda cur, inda marubucin ya juya ya ce amma fa kuɗin gina irin wannan gona ya yi yawa, rufin tsofaffin gidaje ba zai ɗauki nauyin ƙasa da ruwa ba, don haka yana ganin da wuya abin ya wuce gwaji. Na ce tsaya, a ina kika ga wannan? Ta nuna min. Na juya shafin Turancin gaba da baya, babu shi. Wato masu littafin sun datse sakin layi na ƙarshe don rubutun ya shiga shafi ɗaya ko don ya yi daidai da adadin kalmomin da suka rubuta a sama, amma suka bar tambayar da amsarta da fassarar yadda suka kwafo su. Amsar tana cikin abin da suka yanke.

Yaron ne ya fara fashewa da dariya, ya fassara wa uban, uban ya karɓi littattafan biyu yana ƙirga sakin layi da yatsa, huɗu nan biyar can, sai ya tura min kwanon kifi gabana ya ce in ci, wanda a wajensu ban haƙurin kenan, ni ma ban ja ba.

To a ce sau ɗaya ne sai in ce ajizanci, wa ya fi ƙarfin kuskure. Amma daga ranar na daina yarda da littafin, na sa matata muna haɗa fassara da Turanci kafin in ba yaron, kuma mun sake kama irin wannan a wasu wuraren cikin rabin ƙarshe, wani jimla biyu aka cire, wani kuma tambayar ta ce kalmar da aka ja wa layi a sakin layi na uku alhali ba kalmar da aka ja wa layi a shafin gaba ɗaya. Ka yi tunanin yaron da yake shi kaɗai a ɗakin karatun dare na makaranta wajen ƙarfe goma, ba wanda zai tambaya, ya ga ya faɗi, ya ɗauki jan biro ya kwafe tambayar cikin littafin kurakuransa da kowane ɗalibi a nan yake ajiyewa, ya zauna yana haddace dalilin ƙarya. Wannan ba ƙaramar cuta ba ce.

Na yi wa mai shagon magana ta manhajar, na tura hotunan shafukan biyu gefe da gefe. Amsa ta zo nan take da "qin" ɗin nan nasu mai zaƙi da masu shago ke kiran mai saye da shi, wai su sayarwa kawai suke yi, abin da ke ciki na kamfanin bugawa ne, kuma tunda an yi rubutu a littafin ba a mayarwa. Ni da ban ce a mayar min da kuɗi ba, nawa ne ma kuɗin, cewa na yi ku sanar da masu bugawa ko ku liƙa gyara a shafinku don sauran masu saye. Sai aka ce za a ba ni yuan 3 in na saka tauraro biyar da hoto. Na ce ku riƙe.

Kuma yanzu da nake rubutawa wasu abubuwan suna dawo min waɗanda na kawar wa kai a da. Bangon ya ce sabuwar gaokao amma a ciki kowace tambaya maki 2 aka sa mata, wanda lissafin tsohuwar takarda ne, alamar tsohon kaya aka sake wa riga, shi ya sa ma yaron in ya haɗa makinsa bai taɓa yin daidai da na gwajin makaranta ba. Ɓangaren zaɓi biyar cikin bakwai ɗin kuwa, wanda shi ne ya fi ba yaron wahala don ba fahimtar jimla ɗaya ake nema ba, sai ka bi zaren magana, ka lura da wakilin suna yana komawa kan wa, ka lura da inda aka ce amma ko saboda haka, 'yan ƙalilan suka saka a can ƙarshe kamar an tuna da shi ne bayan an gama, bayanin amsar kuma layi ɗaya ne, "bisa ga abin da ya gabata amsar ita ce E," to wane abin da ya gabata? Rubutun C da D na farkon littafin ma da na yaba, da na kwatanta su da ainihin takardun shekarun baya sai na ga sun fi sauƙi sosai, jimlolin gajeru ne, tarkon a fili yake, yaro zai ɗauka ya iya sai ya shiga zauren ranar 8 ga Yuni da ƙarfe uku na yamma ya tarar da wani abu daban, ga minti 120 da zai raba da cike gurbi da wasiƙar Li Hua, wato ɗalibin ƙirƙira da ake sa yara su rubuta wasiƙa da sunansa, da ci gaban labari.

Sannan akwai lambar da ake ɗauka da kyamarar waya a bangon baya, wai bidiyon bayani kyauta. Matata ta ɗauka, aka ce sai ta saka lambar waya, ta saka, bidiyo uku ne suka buɗe sauran an kulle sai an biya, kuma tun ranar wasu mata ke kiranta suna tallar darasin intanet, har suna tambaya yaron maki nawa ya ci a gwajin wata.

Ɗan Maraɗin nan na kira shi na ce in bai saya ba kada ya saya, in ya saya to ya riƙa ƙirga sakin layi. Mu dai mun koma kan ainihin takardun shekarun baya tun daga 2021, waɗanda malamar ajinsu take raba musu, ko ba komai ba wanda ya datse musu wutsiya, littafin kuma ina amfani da shi ne kawai wajen yankan dogayen jimloli, wannan ɓangaren har yanzu ban kama shi da laifi ba. Tauraro biyu na saka a ƙarshe da hotunan shafukan, mai shagon ya sake turo saƙo wai ya ƙara zuwa yuan 5 in na gyara.