Sharhi a kan Luxon: Nuna wa Mai Ziyara Lokacin Inda Yake

Duk shafin intanet da ke ɗauke da sanarwar taro ko wa'adin rufe rajista, wajibi ne ya faɗa wa mai karatu lokaci bisa agogon da ke hannunsa, domin babu ruwansa da agogon sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) da ke wata nahiya. Don wannan aiki nake amfani da Luxon, manhaja ta kyauta da aka rubuta da JavaScript (harshen da ake tsara shafukan intanet da shi), wadda ta fito daga cikin masu kula da Moment.js, wata tsohuwar manhaja mai irin wannan aiki. A watan Satumba na 2020 suka sanar da daina yi wa Moment sababbin ƙare-ƙare, kuma Luxon na cikin waɗanda suka ba da shawarar a koma musu.

Aikinta ba shi da sarƙaƙiya. Sabar takan ajiye lokaci bisa UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, ta aiko shi a tsarin rubuta kwanan wata da lokaci mai suna ISO 8601, sai Luxon ta duba shiyyar lokacin da aka saita a na'urar mai ziyara ta juya shi.

Inda ta fi burge ni shi ne batun ƙasashen da ke matsar da agogonsu da awa guda a lokacin zafi. Amurka takan yi hakan ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, Ingila kuwa sai Lahadin ƙarshe ta watan, saboda haka a tsakanin ranakun nan tazarar New York da Landan awa 4 ce maimakon 5 da aka saba. Wanda ya rubuta wannan tazara da hannu a cikin manhajarsa zai sa mutane su rasa taro. Luxon kuwa tana karɓar ƙa'idojin daga burauza ta hanyar Intl, wato sashen burauza mai kula da harsuna da lokuta, da sunayen shiyyoyi na rumbun shiyyoyin lokaci na hukumar IANA kamar Europe/London, don haka ba ta ɗora wa shafi nauyin ɗauko wani kundin dabam. Ƙari a kan haka, watan Janairu a wurinta 1 ne, saɓanin Date, tsarin kwanan wata na JavaScript, da ke fara ƙidayar watanni daga 0.

Rauninta shi ne tana gaskata duk abin da na'ura ta faɗa mata. Idan matafiyi bai gyara shiyyar kwamfutarsa ba, lokacin da zai gani kuskure ne, shi ya sa nake ganin dole a riƙa rubuta sunan shiyyar kusa da lokacin. Ta kuma fi Day.js, wata manhaja mai irin aikinta, nauyi, amma ga shafin da wa'adi ke da muhimmanci a cikinsa, Luxon zan zaɓa.