Ɗan Babban Gida da 'Yar Talaka: Wane Labarin Soyayyar Ayalan Za Ka Saya?

Wanda ya saba da littattafanmu na soyayya, inda ɗan alhaji ke son 'yar talaka har iyaye su sassauto a ƙarshe, kada ya ɗauka haka abin yake a labaran Ayalan. A ƙarni na 18 da na 19, yawancin gonakin ƙasar suna hannun tsirarun iyalai 'yan Furotesta masu jingina da Ingila, manoman da ke biyan su haya kuma mafi yawansu Katolika ne. Saurayin babban gida in ya kyasa 'yar manomi, to ya taɓo gado da addini da siyasa gaba ɗaya. Don haka kafin ka zaro kuɗi, ka san ko ƙarshe mai daɗi kake nema, ko za ka iya jure mai ɗaci. Dukkansu da Turanci suke.

Mai son ya ga an ɗaura aure ya nemi The Wild Irish Girl na Sydney Owenson, wanda ya fito a 1806, shekara biyar bayan an haɗe Ayalan da Birtaniya. Horatio, ɗan wani basaraken Ingila, ya ɓoye sunansa ya faɗa son Glorvina, wadda kakanninsa suka ƙwace wa kakanninta ƙasa. Da wasiƙu aka gina shi, ga dogayen bayanan tarihi a ƙasan shafi masu katse wa mutum hanzari. Sai mai haƙuri.

Ni dai The Collegians na Gerald Griffin, na 1829, shi ne zaɓina. Hardress Cregan ya auri Eily O'Connor, 'yar mai tufkar igiya, a ɓoye. Soyayya ba ta daɗe ba ya fara jin kunyar yadda take magana da yadda take mu'amala, ga mahaifiyarsa tana tura shi wajen Anne Chute mai dukiya. Abin da ya sa littafin ya fi sauran kama zuciya shi ne babu wani mugun uba da za a ɗora wa laifi. Raunin yana cikin saurayin kansa. Kuma tushensa gaskiya ne: a 1819 aka tsinci gawar wata yarinya, Ellen Hanley, a bakin kogin Shannon, aka rataye John Scanlan a 1820 duk da cewa Daniel O'Connell ne lauyansa. Turancin tsoho ne, da karin harshen mutanen karkarar Limerick, amma bayan babi uku ko huɗu kunne yakan saba.

Waɗannan biyun haƙƙin mallakarsu ya ƙare, ana samun su kyauta a intanet. In takarda kake so, ka kula da bugun araha da ake kwafowa daga tsofaffin shafuka ba tare da an gyara kurakurai ba. Na Owenson yana da bugun Oxford World's Classics mai bayanai, ya cancanci ƙarin kuɗin.

The Last September na Elizabeth Bowen, 1929, ya juya lamarin. A yankin Cork ne a 1920, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, kuma masu babban gidan ne ke raina Gerald, ƙaramin hafsan sojan Ingila da ke son Lois, don ba a san danginsa ba kuma ba shi da dukiya. Rubutu ne mai tafiyar hawainiya, abin da ba a faɗa ba ya fi wanda aka faɗa yawa. Ba shi ne na farawa ba.

Trinity na Leon Uris, 1976, ya haura shafi 700, kuma yakan faɗo a cikin littattafan gwanjo. Ya taso daga yunwar da ta fara a 1845 har gab da boren 1916. Soyayyar Conor Larkin da Shelley MacLeod ta Belfast addini ne ya fi raba ta, ba arziki ba, kuma siyasa da zubar da jini sun rinjayi soyayyar. Marubucin Ba'amurke ne, bai ɓoye ɓangaren da yake goya wa baya ba.

Sabon shiga, ko mai neman kyautar da zai ba ƙanwa ko uwargida, ya ɗauki Circle of Friends na Maeve Binchy, 1990. Turancinsa mai sauƙi ne. Shekarun 1950 ne: Benny Hogan, 'yar mai shagon tufafin maza a ƙaramin gari, ta shiga jami'a a Dublin ta haɗu da Jack Foley ɗan likita, yayin da ƙawarta Nan ke farautar magajin wani tsohon babban gida da ya rage suna kawai. Sai dai wanda ya kalli fim ɗin 1995 kada ya ce ya san labarin, domin an sauya ƙarshensa, kuma na littafin ya fi mutunta Benny.