Yaya, Dakata da Sayar da Babur Ɗin Nan

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da yaran shago. Ya sanyin Jos? A gaishe mini da Hajiya.

Na ga bidiyon da ka turo na injin da yake sassaƙa suna a jikin katako ba da hannun kowa ba, na kuma ji maganar sayar da babur ka turo kuɗi in sayo maka. Ban amsa da wuri ba don ina so in taɓa injin da hannuna tukuna. Akwai wani shagon haɗaka a unguwarmu nan Birmingham, ana biyan kuɗin wata a shiga a yi aiki da kayan da ke ciki. Yawancin masu zuwa dattawa ne 'yan fansho, suna sassaƙa lambar gida da sunan jikoki, har da sunan kare. A wurinsu na koyi abin da zan faɗa maka.

Injin, CNC suke ce masa, samunsa ba wuya. Ƙaramin da ya cika intanet shi ne 3018, lambar tana nufin faɗin wurin aikinsa, santimita 30 da 18. Bai kai fam 300 ba, ka yi oda yau jibi yana ƙofar gida, in kuma bai yi maka ba doka ta ba ka kwana 14 ka fasa cinikin. Ka tuna rasit ɗin kasuwarmu mai cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. Sai dai motarsa ba ƙarfi, kaɗan-kaɗan yake gatsar katako, na koyo ne ba na neman abinci ba. Na kirki irin su Shapeoko 'yan Amurka ne, sun haura fam 1,000 tun kafin a zo kan kuɗin jirgi da kwastan. Kuma a kula, wutar Amurka 120 ce, ta Ingila 230 irin tamu, fulogin ma mai ƙafa uku ne iri ɗaya.

Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne inji bai san komai ba. Kai za ka zauna gaban kwamfuta ka zana, ka faɗa wa manhaja kaurin katako, da haƙorin da ka ɗaura, wato ƙarfen da yake cin katakon, da zurfin da zai ci a kowane zagaye, ita kuma ta juya wannan zuwa umarnin da inji yake bi. Wadda dattawan nan suka fi so ita ce VCarve, ta kamfanin Vectric da ke Redditch, nan kusa da mu. Ta kuɗi ce, amma akwai ta gwaji da za ka zana ka ga yadda aikin zai fito. Inkscape kuwa kyauta ce, kuma ta isa yin zane.

Aikin allon bango yawanci da haƙori mai tsini ake yi, mai digiri 60 ko 90. Inda layi ya yi faɗi sai ya nutse, inda ya sirance sai ya taso, shi ya sa harafi yake fitowa kamar da kurfi aka yi shi. In ka cika wa zane ƙananan layuka, da kyar za su fito, samfefa ɗaya ta share su. In kuma so kake rubutu ya taso sama, sai an kwashe duk filin da ke kewaye da shi da haƙori mai baki a shafe, aikin ya ninka lokaci, kuma siraran wurare su riƙa ɓallewa. Na tsaya a kan wani dattijo yana yin allo, inji ya kusa gamawa sai ɗigon harafi ya tashi sama. Ya ɗauko shi daga cikin dusar katako ya manna da gam, ko a jikinsa.

Zane kansa haja ce a nan. A Etsy, wata kasuwar intanet, mutane suna sayar da fayil ɗin zane kawai, ka biya 'yan fam ka sauke ka sassaƙa. Amma in ka ga goma ka ga duka: barewa, bishiya, tuta, barka da zuwa gidanmu. Ayatul Kursiyyu ma akwai ta da yawa, sai dai duk da hannun Turkawa da Larabawa. Na nemi rubutun Warash mai kauri irin na tsangaya, na nemi zayyanar allon sauka, ban ga abin a zo a gani ba. Dagin Arewa kuwa kamar don wannan inji aka ƙirƙire shi, layuka ne masu faɗi da suke shiga ƙarƙashin juna. Ga gidan tarihin Jos a kusa da kai, inda aka gina kwafin gine-ginen gargajiya, har da masallacin Zariya na Babban Gwani. Abin da Bature yake biyan kuɗi ya saya, mu a bango muke da shi.

Wahalar namu rubutun daban ce. Yawancin haruffan ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ, ka rubuta Ƙofar Arziki sai akwati ya fito maka a farkon kalma. Larabci kuma wasu manhajojin rarraba shi suke yi, su jera daga hagu. Maganinsa a rubuta a Inkscape, a mayar da rubutun layuka, a gyara lanƙwasar da hannu. Aya kuwa kada a sassaƙa sai malami ya duba wasali da ɗigo.

Katako: sun fi mu busarwa, mun fi su iri. Nasu a ɗakin zafi ake busar da shi, a goge, ya zo a miƙe, inji yana so haka, don in allo ya karkace ko da milimita ɗaya ne rubutu zai yi zurfi a gefe guda. Na Kasuwar Katako kuwa ka san yadda ake sauke shi ɗanye, hunturu na zuwa ya tsage ko ya bankaɗe. Amma loko da muke yin benci da shi, a nan sai mai hali, teburin kicin ake yi da shi. Yana dai dakusar da haƙori da wuri, ƙurarsa kuma sai da takunkumi. Maɗaci ya fi daɗin sassaƙa. MDF, allon da ake yi da garin katako da gam, suke koyo da shi, yana da arha, amma ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Sai maganar wuta. Allo mai zane mai tudu yakan ɗauki awoyi, in aka ɗauke wuta a tsakiya inji yakan manta inda yake, in ba mai makunnin komawa tushe ba ne, katako ya tafi a banza. Babban injin motarsa kaɗai tana jan wat 700 da ɗoriya, ga na'urar zuƙe ƙura. Ke nan sai ka sa inbata da batir ko janareto mai lafiya a lissafi, kuɗin babur ba zai kai nan ba.

Shawarata ka bar babur ɗinka. Zan ba mai zuwa gida tsohuwar kwamfutata da Inkscape a ciki, ka ba babban yaron shago ya fara koyo. Ka aike shi gidan tarihi da waya ya ɗauko zanen bango, ya tsaya daidai saitin zanen kada hoton ya karkace, ya ɗauko allon zayyanar Hajiya ma in ta yarda. Ku turo mini, in sassaƙa biyu ko uku a nan in aiko, ka rataye a shago mu ji nawa mutane za su taya. Kafin nan ka sayi maɗaci ka yanka shi inci ɗaya, ka jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya fara bushewa.

Ƙaninka, daga Birmingham.