Zaɓen Injin Ƙa'idoji Mai Ɗauko Bayanai Daga Rumbun Waje

Kamfanonin 'yan'uwanmu da ke hidimar alhazai da masu Umara a Makka da Jidda sukan ajiye sunayen baƙi da ɗakunan masauki a rumbun bayanai, yayin da ƙa'idojin farashi da rabon motoci suke cikin wata manhaja ta tsakiya da ake kira injin ƙa'idoji, wadda sai ta tambayi rumbun kafin ta yanke hukunci. Duk mai shirin sayen irin wannan manhaja ya fara binciken hanyar da take ɗauko bayanan, da abin da take yi idan rumbun ya yi jinkirin amsawa.

A cikin irin waɗannan injuna, ni dai Drools nake fifitawa. Kyauta ne a ƙarƙashin lasisin Apache, kuma da yake da harshen kwamfuta na Java aka gina shi, yana hulɗa da rumbunan bayanai irin su MySQL da PostgreSQL da Oracle ta hanyar JDBC, wato hanyar da Java take bi ta yi magana da rumbu, ba tare da an sayi wani ƙari ba. Harshen da ake rubuta ƙa'idojinsa da shi, wato DRL, yana da kalmar from, wadda take ba ƙa'ida damar neman bayani daga waje kai tsaye, sai dai injin yana iya maimaita tambaya ɗaya sau da yawa yayin da yake tantance sharuɗɗa, abin da kan durƙusar da rumbu a cunkoson Zulhijja. Saboda haka gara a ɗauko bayanan tukuna, a zuba su cikin ƙwaƙwalwar aikin injin, sannan a kunna ƙa'idojin.

Shi kuwa iRules na kamfanin F5, wanda ake rubutawa da harshen Tcl, an yi shi ne don karkatar da zirga-zirgar intanet a kan na'urorin kamfanin da ake kira BIG-IP, kuma ba ya jin SQL, harshen da ake tambayar rumbu da shi, da kansa. ODM, injin ƙa'idojin IBM, gadon kamfanin ILOG da ta saya a 2009, ba shi da laifi, amma kuɗinsa na bankuna ne.

Babbar damuwata 'yan kwangilar haɗa manhajar ce. Na taɓa gadar aikin wani da ya rubuta kalmar sirrin rumbu tsirara a cikin ƙa'ida, ya kuma ba asusun ikon goge komai, alhali karantawa kawai ake bukata. Wasu suna liƙa abin da baƙo ya rubuta cikin umarnin SQL ba tare da tacewa ba, wanda hakan buɗe wa ɓarayi ƙofa ne. Akwai masu tallan lasisin jabu a farashi mai rahusa, har da masu karɓar riyaloli a kan Drools kamar su suka mallake shi, alhali haɗawa da kulawa kawai ya kamata a biya su. A tambayi ɗan kwangila ƙasar da sabarsa, wato kwamfutar da ake ajiye bayanan a kanta, take, domin dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a Satumbar 2023 a ƙarƙashin kulawar SDAIA, hukumar kula da bayanai ta ƙasar, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su waje, kuma lambobin fasfon alhazai suna cikin irin waɗannan bayanan. Wanda ya ƙi rubuta amsarsa a cikin yarjejeniya, kada a ba shi aikin.