Ƙarar shaf a kwana: roba za a canza, kan shaf, ko shaf ɗin dungurungum?

Wani ɗan'uwa ya tambaya cewa motarsa mai jan gaba tana yin ƙas-ƙas-ƙas duk sanda ya murɗa sitiyari zai sha kwana, ya kuma ga baƙin giris ya fantsama a cikin rim. Bakanike ɗaya ya ce masa robar da ke rufe kan shaf (sandar da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa taya) ce ta yage, a canza ta a cusa giris, shi ke nan. Wani kuma ya ce sai an sauke shaf ɗin gaba ɗaya. Wanne zai bi?

Malam, tunda har ta fara ƙara, maganar roba kaɗai ta wuce. Giris yana hana ƙarfe ya ci ƙarfe, amma ba ya mayar da wanda ya riga ya cinye. Abin da ya rage maka zaɓi biyu ne: kan shaf na waje kaɗai, ko shaf ɗin duka. Kafin ka zaɓa, sai ka san wane kai ne ke kuka, domin kowane shaf kai biyu gare shi, kuma ba iri ɗaya suke lalacewa ba.

Kai na waje shi ne wanda ke shiga hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kanta, ta bayan taya. A yawancin motoci ƙwallayen ƙarfe shida ne a cikinsa, suna zaune a keji, suna gudu a kan layukan da aka sassaƙa musu. Shi ke lanƙwasa idan an juya sitiyari, har wajen digiri 45, shi ya sa robarsa ta fi saurin yagewa. Kai na ciki kuwa yana manne da giyabos. Galibi ƙafa uku ne da shi, kowace da rola a kanta, kuma aikinsa shi ne ya zame ciki da waje yayin da taya ke hawa da sauka a kan hanya. Ba ya lanƙwasa sosai.

Alamominsu ma sun bambanta. Na waje yana ƙas-ƙas ne a kwana, a hankali, musamman idan kana taka totur. Na ciki ba kasafai yake wannan ƙarar ba. Shi girgiza yake kawowa: ka taka totur a miƙaƙƙiyar hanya ko a hawa, gaban motar ya riƙa rawa gefe da gefe, kana ɗaga ƙafa rawar ta ɗauke. Wani lokaci kuma a ji "gwaf" idan an sa giya daga gaba zuwa ribas.

Gwajin ba shi da wuya. Samu fili, sauke gilasai, murɗa sitiyari har ƙarshe, ka yi zagaye a hankali zuwa dama, sannan hagu, sannan ka maimaita da ribas, domin da ribas ƙarar ta fi fitowa. Kada ka dogara da cewa "in ta yi a kwanar hagu to shaf ɗin dama ne", wannan lissafin yana yaudara. A sa wani ya tsaya a waje ya saurara, sannan a ɗaga motar a duba robobin guda huɗu da hannu, a buɗe tsakanin ninkinsu, don tsagar tana ɓuya a can. A kama sandar shaf ɗin a murɗa ta gaba da baya alhali an riƙe taya. Ɗan motsi ciki da waje ta wajen giyabos daidai ne, haka aka ƙera shi. Wasa wajen murɗawa, ko sama da ƙasa, shi ne lalacewa.

A nan ne ake yawan ɗora wa shaf laifin da ba nasa ba. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda ke canzawa idan ka ɗan karkata sitiyari, boris ɗin taya ne. Rawar sitiyari a wajen kilomita 90 zuwa 110 a awa, ko ka taka totur ko ba ka taka ba, balansin taya ne. Rawar da ba ta zuwa sai an taka birki, faifan birki ne. Shi ma "gwaf" ɗin nan, a fara duba robobin da injin ke zaune a kai kafin a taɓa shaf.

To, ga yadda ayyukan uku suke idan aka jera su.

Canza roba kaɗai yana da amfani ne a hali ɗaya: robar ta tsage kwanan nan, kan bai fara ƙara ba, giris ɗin da ke ciki bai cakuɗe da yashi ba. A irin wannan hali shi ne ma zaɓi mafi kyau, ya fi sayen sabon shaf, saboda shaf ɗin da mota ta fito da shi daga kamfani ya fi yawancin na kasuwa inganci. Sai dai aikin na son haƙuri. Dole a cire kan, a wanke tsohon giris tas, a duba ƙwallaye da layukansu ko akwai rami ko ƙarzuwa, a bushe, sannan a zuba sabon giris. Wanda kawai ya zura sabuwar roba a kan tsohon giris mai yashi, ya rufe ɓarawo ne a cikin ɗaki. Giris ɗin ma ba kowanne ba: kai na waje baƙin giris mai sinadarin moli yake so, kusan giram 80 zuwa 120 gwargwadon girman kan, rabi a cikin kan, rabi a cikin roba. Kai na ciki mai ƙafa uku nasa daban ne, ya fi laushi, saboda ƙananan ƙarafa masu kama da allurai da ke cikin rola. Giris ɗin boris na gama-gari ba ya jure matsin da ke wurin. Sannan a ɗaure robar da zoben ƙarfenta, ba da waya ko igiyar roba ba.

Canza kai na waje kaɗai shi ya fi dacewa da matsalarka, in dai gwaji ya nuna na ciki lafiya yake: babu girgiza, robarsa ba ta tsage ba, sandar ba ta lanƙwashe ba. Ribarsa ita ce ka riƙe sandar asali da kan ciki na asali. Wahalarsa kuwa wajen dacewa ne. A ƙirga haƙoran da ke shiga hob, a ƙirga na cikin da ke hawa sanda, a auna faɗin wurin da sil, wato zoben robar da ke hana mai fita da datti shiga, ke zama. Idan motar na da zoben ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) a jikin kan, shi ma a ƙirga haƙoransa, domin bambancin haƙora kaɗan ya isa ya kunna fitilar ABS. Akwai kuma motocin da kan wajensu ba a yi shi don a cire ba. A irinsu babu wani zaɓi sai shaf duka.

Shaf gaba ɗaya ya zama dole idan kai na ciki ne ke girgiza, ko kawunan biyu duk sun gaji, ko sandar ta bugu. Shi ne aiki mafi sauri da tsabta, amma kuma a nan ake shan mamaki. Shaf mai araha sau da yawa yakan zo da girgizar da babu ita a da, saboda kan cikinsa ba a sassaƙa shi daidai ba, ko sandar asali mai rami ce a ciki ta kasuwa kuma curarriya, ko ya zo babu robar nan mai nauyi da ake sawa a tsakiyar sanda don kashe rawa. Kafin a ɗaura, a ajiye sabo da tsoho gefe da gefe, a tura kawunan ciki har ƙarshe, a gwada tsawo. Galibi na hagu da na dama ba tsawonsu ɗaya ba, haka na mota mai giyar hannu da mai otomatik sukan bambanta. Idan shaf ɗin da aka taɓa amfani da shi za a saya, robar da ta bushe ta fara tsattsagewa a canza ta tun yana ƙasa. Ba dole ba ne a canza ɓangare biyu tare idan ɗayan lafiya yake.

Ko kai za a canza ko shaf duka, hanyar kwancewa kusan ɗaya ce. A sassauta babban notin tsakiya, galibi soket 30, 32 ko 36, bayan an buɗe lotsawar da ke kulle shi ko an zare fil ɗinsa. A ɗaga motar a ɗora ta a kan abin tokare mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba. A kwance bol-join na ƙasa ko notunan shokozoba, a ja hob waje, a tura shaf ɗin ciki. Idan ya kafe, kada a daki bakin zaren da guduma kai tsaye, bakin zai buɗe, noti ya ƙi hawa; a mayar da tsohon notin a kai, a sa katako ko guduma mai taushi. Ta wajen giyabos kuma, kada a ja sandar, rolar za ta fice allurai su zube. A sa ƙarfe tsakanin kofin kan da jikin giyabos a fizga sau ɗaya, kilif ɗin da ke riƙe shi a cikin giyabos zai saki. A ajiye kwano a ƙasa, man giya zai zubo. Wasu motocin shaf ɗin damansu yana da boris na tsakiya a jikin injin, sai an kwance shi tukuna.

Wajen mayarwa, a duba sil ɗin giyabos, in ya taurare ko yana jiƙa a canza shi yanzu. A shigar da shaf a miƙe don haƙoransa kada su yanki sil, a tura har a ji kilif ya kama, a ja kofin da hannu a tabbatar. Notin tsakiya sabo ake sawa, a ɗaure da sifana mai awo daidai da abin da littafin motar ya ce; a yawancin ƙananan motoci yana tsakanin Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 180 zuwa 300. Wannan notin shi ke matse boris ɗin taya, don haka ko turawa kada a yi wa motar a ƙasa alhali yana kwance. A cika man giya, kuma idan an taɓa notunan shokozoba a yi alaimen.

Game da ko za ka iya ci gaba da hawa kafin gyara: kan da ke ƙas-ƙas yakan ɗauki lokaci, amma ranar da kejin ya fashe injin zai yi ta kuka motar ba ta motsi, kuma a otomatik ko ka sa ta a P ba za ta riƙe ba, sai birkin hannu.