Amos da Yusha'u: ciwo ɗaya, kowa da inda ya taɓa

'Yar'uwa, kin tambaya: tun da Amos da Yusha'u wurin mutane ɗaya aka aike su, kuma kusan a zamani ɗaya, me ya sa Amos sai faɗa da zafi, Yusha'u kuwa sai kuka da lallashi? Kika kuma ce wanne ya kamata ki fara karantawa. Na daɗe ina son wani ya yi wannan tambayar, domin littattafan nan biyu suna cikin waɗanda na fi komawa gare su.

Dukansu suna cikin annabawa goma sha biyu na Littafi Mai Tsarki da ake kira ƙanana. Ƙanƙantar ta littafi ce, ba ta daraja ba: Amos sura 9 ne, Yusha'u 14, kuma Yahudawa kan haɗa sha biyun a naɗaɗɗen littafi guda. A jeri Yusha'u ne na farko, Amos na uku, amma a zamani Amos ne ya riga. Bayan rasuwar Sulemanu masarautar ta rabu biyu, Yahuza a kudu da Urushalima, Isra'ila a arewa, wadda daga baya Samariya ta zama babban birninta. Arewan nan aka aiki su biyun, a zamanin Yerobowam na biyu, wanda ya yi shekara 41 a kan gado, wajen 786 zuwa 746 kafin haihuwar Almasihu. Lokacin cin duniya ne: iyaka ta faɗaɗa, fatauci ya buɗe, kuɗi ya shigo. A shekara ta 722 Assuriyawa suka ci Samariya suka kwashe mutanenta. Tsakanin wadatar nan da wannan faɗuwa annabawan biyu suka yi magana.

Abu na farko da ya raba muryoyinsu shi ne inda kowa ya tsaya. Amos baƙo ne. Mutumin Tekowa ne, wani ƙauye a ƙasar Yahuza, kudu da Baitalami, makiyayi mai kuma kula da itatuwan ɓaure, irin ɓauren da muka sani a nan. Ya tsallaka arewa da idon wanda bai saba da abin da yake gani ba, shi ya sa abin da 'yan gari suka daina lura da shi, shi ya tsone masa ido. Ko shekarar da ya yi annabcin an rubuta: shekara biyu kafin girgizar ƙasa, girgizar da har annabi Zakariya, bayan shekaru fiye da ɗari biyu, yake tunawa da ita. Yusha'u ɗan Beyeri kuwa ɗan gida ne. Mutanen da yake tsawata wa danginsa ne, har sunan da ya fi kiran ƙasar da shi, Ifraimu, sunan cikin gida ne. Wanda ya zo daga waje yakan faɗi gaskiya ya kaɗa rigarsa ya tafi. Na gida kuwa a cikin gidan da ke cin wuta yake kwana.

Dubi yadda Amos ya buɗe maganarsa, domin gwaninta ce. Ya fara da maƙwabta: Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab, kowacce da laifinta uku har huɗu. Kina iya jin masu sauraro suna gyaɗa kai, ana yi wa maƙiyansu tonon silili. Ya zo kan Yahuza, ƙasarsa, suka ƙara jin daɗi. Sai ya juyo kansu, kuma a nan ya fi daɗewa. Laifin maƙwabta na yaƙi ne da cinikin bayi. Na Isra'ila kuwa a cikin gari yake: ana sayar da mai gaskiya saboda azurfa, matalauci saboda takalmi sau ciki. Ana karɓar rigar talaka jingina, wadda Attaura ta ce a mayar masa kafin rana ta faɗi domin ita ce mayafinsa, sai a shimfiɗa ta a kwanta a kai a gindin bagade. A ƙofar gari, inda dattawa ke zaman shari'a, ana cin hanci ana ture mai ƙara. Masu hali na da gidan rani da gidan hunturu, suna miƙe ƙafa a gadajen hauren giwa. Wannan ba zuzutawa ba ce: masu tonon kayan tarihi da suka yi aiki a Samariya a shekarun 1930 sun tono gutsattsarin hauren giwa masu sassaƙa da yawan gaske.

Wurin da ya fi kama ni shi ne sura ta 8. 'Yan kasuwa na zaune ranar Asabar, ba su buɗe rumfa ba, amma zuciyarsu na kan hatsi: yaushe ranar nan za ta wuce mu koma awo, mu rage mudu, mu ƙara nauyin ma'aunin kuɗi, mu sayar har da sharar alkama? Ina yaro na taɓa tsayawa a gaban wani mai awo da mudu biyu a ƙarƙashin buhu. Wanda yake saye da shi daga hannun manoma cikakke ne. Wanda yake auna wa mata da shi an bubbuge gindinsa ya shige ciki, ga shi yana tsiri a sama kamar an yi maka gyara, alhali an cinye ka daga ƙasa. Wata tsohuwa ta karɓa ta ƙulle a gefen zaninta tana yi masa godiya. Ban manta da godiyar nan ba. Duk lokacin da na karanta Amos ita nake gani, kuma na gane dalilin zafinsa. Mutanen nan ba su bar ibada ba, suna cika Betel da Gilgal, suna kawo hadaya da zakka. Shi ya sa a sura ta 5 Allah ya ce ya ƙi idodinsu, a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, a bar shari'ar gaskiya ta malala kamar ruwa, adalci kamar rafin da ba ya ƙafewa. Wanda ya san ƙoramar da ke cika da damina ta bushe da rani ya san abin da ake nufi.

Yusha'u bai fara da wa'azi ba, da aure ya fara. An ce masa ya auri Gomer 'yar Diblayim, mace marar riƙon amanar aure, domin rayuwarsa ta zama hoton abin da ke tsakanin Allah da Isra'ila. 'Ya'ya uku aka haifa, kowane suna saƙo ne. Na fari Yezreyel, sunan kwarin da Yehu ya zubar da jini ya karɓi mulki. Ta biyu Lo-ruhama, wato wadda ba a ji tausayinta ba. Na uku Lo-ammi, wato ba mutanena ba. Ki yi tunanin uba yana kiran yara cin tuwo da waɗannan sunaye kullum, maƙwabta na ji. A sura ta 3 aka ce ya je ya sāke ƙaunar matar, ya kuwa fanso ta da azurfa 15 da awon sha'ir. Wanda ya sha wannan ba zai yi magana irin ta Amos ba.

Don haka abin da Yusha'u ya sa a gaba shi ne cin amana. Mutane na bin Ba'al, gunkin Kan'aniyawa da ake danganta wa ruwan sama da albarkar gona, suna zaton shi ke ba su hatsi da ruwan inabi da mai. Kalmar ba'al a Ibrananci tana nufin mai abu, tana kuma nufin miji, kusan yadda muke cewa maigida. A kan wannan Yusha'u ya gina sura ta 2: rana na zuwa da matar za ta kira Allah mijina, ba za ta ƙara cewa Ba'alina ba. Ƙarar da ya kai a sura ta 4 ita ce babu gaskiya, babu ƙauna mai riƙon alkawari, babu sanin Allah a ƙasar. Kalmar tsakiyar nan, hesed, ita ce zuciyar littafin, kuma ita ce a 6:6, inda Allah ya ce ita yake so ba hadaya ba, ayar da Yesu ya ambata sau biyu a Matiyu.

Akwai kuma bambancin lokaci, wanda mutane kan tsallake. Amos ya yi magana ana cikin ƙoshi, har ana ganin maganarsa shirme ce. Yusha'u ya daɗe, ya ga abin yana rushewa. Bayan Yerobowam an yi sarakuna shida cikin shekara kamar 25, huɗu daga cikinsu kashe su aka yi. Sarki Zakariya wata shida ya yi, Shallum wata ɗaya. Menahem ya biya Sarkin Assuriya talanti 1,000 na azurfa don ya tsaya a gadonsa. Daga nan misalan Yusha'u suka fito. Ifraimu kurciya ce marar wayo, yau ta kira Masar gobe ta tashi Assuriya. Sun shuka iska, za su girbi guguwa. Ifraimu waina ce da ba a juya ba. Duk wadda ta taɓa zama gaban tanda ta san wannan: ƙasa ya ƙone baƙi ƙirin, sama kuwa ƙullu ne tsamo-tsamo, ba ta ciyuwa ta ko'ina.

Amma, 'yar'uwa, a nan zan ɗan saɓa miki. Cewa Amos fushi ne zalla, Yusha'u tausayi zalla, bai cika ba. A sura ta 7 an nuna wa Amos fara na cinye amfanin gona, sai ya roƙa: ya Ubangiji ka gafarta, yaya Yakubu, wato Isra'ila, zai tsaya, ga shi ɗan ƙarami? Aka janye. Aka nuna masa wuta, ya sāke roƙo, aka sāke janyewa. Sai a wahayi na uku, na igiyar awon gini da ake saukarwa a ga ko bango ya miƙe, ya yi shiru, domin bangon ya riga ya karkace. Mutumin da ya yi roƙo sau biyu domin ƙasar da ba tasa ba, ba mai ƙiyayya ba ne. Bayan wannan ne Amaziya, firist na Betel, ya kai ƙararsa wurin sarki, ya ce masa ya koma Yahuza ya ci abincinsa can, nan wurin ibadar sarki ne. Amos ya amsa cewa shi ba annabi ba ne, ba ɗan annabi ba, daga bayan garke aka ɗauko shi. Yusha'u kuma, mai kukan nan, a sura ta 13 ya kwatanta Allah da zaki da damisa a bakin hanya, kalmomin da suka fi na Amos tsanani. Ya kuma yi maganar ɗan kasuwa mai ma'aunin algus a sura ta 12, kamar yadda Amos ma ya taɓo gumaka. Ciwon ɗaya ne. Amos ya ga ƙurjin a kasuwa da wurin shari'a, Yusha'u ya bi shi har cikin jini.

Kowannensu na da wurin da ɗayan bai kai ba. Na Amos shi ne 9:7, inda Allah ya ce wa Isra'ila ashe ba daidai suke da mutanen Kush a wurinsa ba, wato mutanen kudu da Masar, ƙasar Sudan ta yau. Ya fito da su daga Masar, haka ne, amma shi ne kuma ya fito da Filistiyawa daga Kaftor, Suriyawa daga Kir. Ga mutanen da ke taƙama da cewa su zaɓaɓɓu ne, wannan magana ce mai nauyi. Na Yusha'u shi ne sura ta 11. A nan hoton ya sauya daga miji zuwa uba: ni na koya wa Ifraimu tafiya, na ɗauke shi a hannuna, na sunkuya na ba shi abinci. Hukunci ya zo bakin ƙofa, sai muryar ta karye: yaya zan bashe ka, ya Ifraimu? Dalilin da aka bayar shi ne, ni Allah ne, ba mutum ba. Ban taɓa karanta wurin nan da sauri ba.

Game da wanda za ki fara, ki fara da Amos. Shi ya riga, kuma maganarsa a shirye take: jawabi kan al'ummai, jawabi kan Isra'ila, sai wahayi biyar, sai 'yan ayoyin ƙarshe na sāke gina bukkar Dawuda da ta faɗi. Zama ɗaya ya isa. Kafin ki shiga Yusha'u ki karanta 2 Sarakuna sura 14 zuwa 17, domin ki san sarakunan da yake nufi. Surori ukun farko za su tafi miki sumul. Daga ta 4 zuwa ta 13 maganar gutsure-gutsure ce, yana tsalle daga misali zuwa misali kamar mai magana cikin kuka, don haka ki bi ta sura ɗaya a rana. Ki kuma riƙe kalmar raɓa: a sura ta 6 ƙaunar mutanen ce raɓar da ke bushewa da hantsi, a sura ta 14 Allah da kansa ne ya ce zai zama raɓa ga Isra'ila.