Attabad ko Sarez: wanne ya kamata ka fara ziyarta?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka nufa tsakanin Tafkin Attabad na Pakistan da Tafkin Sarez na Tajikistan, tunda dukansu bala'i ne ya samar da su. Shawarata ita ce ka fara da Attabad, sai fa idan ka saba da doguwar tafiyar ƙafa a kan tsaunuka.

Attabad ya samu ne ranar 4 ga Janairun 2010, lokacin da ƙasa ta zaftare ta toshe Kogin Hunza, ta halaka mutum 20, ruwan kuma ya yi ta taruwa har ya cinye ƙauyen Ayeenabad da wani sashe na Shishkat da Gulmit, ya raba dubban mutane da gidajensu. Wani sashe na babbar hanyar Karakoram, wadda ta haɗa Pakistan da China, shi ma ya nutse, sai da kwale-kwale ake tsallakar da mutane da kaya, har zuwa 2015 da aka buɗe sabuwar hanya ta cikin duwatsu. A yau mota za ta kai ka bakin ruwa, inda za ka tarar da masaukai da jiragen ruwa na haya, ruwan kuma shuɗi ne mai ɗaukar ido a lokacin zafi. Mutanen da gonakinsu ke ƙarƙashin wannan ruwa suna nan da ransu, saboda haka ya kamata baƙo ya san irin maganar da zai yi a gabansu.

Sarez ya girme shi nesa ba kusa ba. Girgizar ƙasa ta watan Fabrairun 1911 ta rufto da dutse a kan ƙauyen Usoi, ta datse Kogin Murghab da madatsar da tsayinta ya haura mita 500, wadda babu irinta a duniya cikin waɗanda ba ɗan Adam ne ya gina ba. Tafkin yana sama da mita 3,200 daga doron teku, inda numfashi kan yi wa baƙo nauyi, kuma ba a zuwa sai da takardar izini ta musamman, domin hukumomi na sa ido a kan madatsar saboda al'ummar da ke zaune ƙasa da ita a kwarin Bartang, waɗanda ambaliya za ta shafa idan ta fashe. Daga ƙauyen Barchidev, inda mota ke tsayawa, sai a taka da ƙafa kusan yini guda tare da ɗan jagora, da tanti da guzuri. Idan da iyali za ka tafi, kada ka sa Sarez cikin lissafi.